Kafin ka sayi akwatin tafiya, ɗaga shi babu komai a ciki

Akwati uku hanyar Yamai ta cinye min kafin in yi hankali. Na farko tayarsa ta ɓalle tun a tasha, na biyu zif ɗinsa ya dare a tsakiya, na uku kuma aka fito min da shi daga ƙarƙashin kar, wato babbar motar fasinja, gefe guda a tsage. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, ta Maraɗi da Birnin Ƙonni da Dosso, kuma duk tsawon tafiyar akwatinka yana can ƙasa, an danne shi da buhuna da katan-katan, yana shan jijjiga. Shi ya sa da Allah ya kira Inna aikin Hajji, ban yarda a aiki yaro ya sayo mata ba. Ni da ita muka shiga kasuwar Dole, da ɗan sikelin rataya a aljihuna.

Mai shagon ya sauko da wani ƙato mai ƙyalli ya ce, "Hajiya, wannan ai sai ke." Inna ta shafa shi, ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ya yi kyau fa." Na ce, "Inna, bari mu ji nauyinsa tukuna." Na rataya shi, kilo 5 da ɗoriya, babu ko tsinke a ciki. Yawancin jiragen sama kilo 23 suke yarda wa akwati guda, ka ga ke nan saura bai kai 18 ba, kuma a ciki ne dabino da dardumar salla da carbi da jallabiyoyin jikoki za su shiga a dawowa. A ganina babban akwati kada ya wuce kilo 4, ƙaramin na hannu kuma kada ya kai 3, don shi galibi kilo 7 ko 8 ake barinsa ya ɗauka gaba ɗaya. Girma ma ana dubawa: a babban, tsawo da faɗi da kauri in an haɗa kada su haura santimita 158. Tambayi masu shirya maka tafiya ƙa'idar jirginku kafin ka biya kuɗi.

Sai jikinsa. Masu tauri duka roba ne a ido, amma kala-kala ne. Akwai ABS, shi ne mai araha, kuma shi ne ke fashewa in an jefa shi ko ya daɗe yana shan rana. Akwai polikabonet da polifirofilen, waɗanda ke lotsawa su dawo. In babu rubutu a jiki, sa babban yatsa ka danna tsakiyar murfin da ƙarfi. In ya lotsa ya taso sumul, da alamar alheri. In ka ji yana ƙas-ƙas kamar busasshiyar ƙwarya, mayar masa da abinsa. Ni dai don tafiyar mota, ko Kano ko Agadas, na fi son na yadi mai kauri, don ko an danne shi ba ya fashewa, kuma in ya yage baduku zai ɗinke maka. A irin waɗannan za ka ga lamba kamar 600D ko 1680D, kaurin zaren ke nan, mai babbar lamba ya fi juriya. Illarsa ƙura a lokacin hunturu da ruwa a damina, musamman in a saman mota aka ɗaure shi. Babbar leda nake shimfiɗawa a ciki kafin in zuba kaya.

Taya ce inda aka fi cutar mutane. Akwati mai taya huɗu ƴan ƙanana masu juyawa yana da daɗin turawa a filin jirgin Diori Hamani na Yamai, inda ƙasa take santsi. To amma daga ƙofar gidanmu a unguwar Birni zuwa bakin kwalta rairayi ne da duwatsu. Waɗannan ƴan tayoyin sun fito waje tsirara, rairayi na shiga su cije, dutse guda ya ishe su. Mai taya biyu manya, waɗanda rabinsu ke ɓoye cikin jikin akwatin, shi ne namu. Kifa akwatin ka murza kowace taya da hannu, ka girgiza ta ka ji ko tana lilo. Sannan buɗe shafin ciki ka ga yadda aka kafa ta: in da sukuru ne mai kwancewa, gobe za a iya canza ta, in kuwa ƙusa aka dandaƙe, gyaranta sai an sha wuya. Inna kuwa a ƙarshe mai biyun muka ɗauka mata, ko da yake ta so mai huɗu saboda gwiwa. Na ce mata ai a filin jirgi akwai amalanken kaya, a nan gida ne babu.

Zif kuma ja shi daga farko har ƙarshe sau uku, ka lura da kwana, nan yake fara sarƙewa. Haƙoransa su zama manya, kawunansa biyu su haɗu da hujin sa kwaɗo. In ka ga YKK a jiki, kamfanin zif ne mai sunan kirki, sai dai akwai na jabu, don haka hannunka ya fi rubutun gaskiya. Sandar ja ka zaro ta duka ka karkaɗa, kada ta yi rawa da yawa. Kuma kar ka taɓa ɗaga cikakken akwati da ita, ba aikinta ba ne. Mariƙin sama da na gefe su ne na ɗagawa, su ne kuma yaron mota zai finciko, don haka duba ɗinkinsu da kyau.

Da muka daidaita da mai shagon, na ce, "Alhaji, a ƙara mana Gana-mas-go ɗaya." Ita ba ta da nauyi ko kaɗan, ana naɗe ta a ƙasan akwati, in tsaraba ta yi yawa ta ɗauki tufafi. Daga nan muka biya wajen wani baduku, ya ƙara wa mariƙin ɗinki, ya ɗaura masa jar fata da za a hango daga nesa, don a tarin kayan alhazai akwatuna duk kamarsu ɗaya. Fasfo da magungunan Inna da batirin cajin waya na sa mata a jakar hannu. Shi batirin dama ba a yarda ya shiga kayan da ake bayarwa a ɗora ba.

Akwatin ya je ya dawo, kusurwa guda ce kawai ta goge. Na kakkaɓe rairayin tayoyin da tsohon burushi, na shafa wa zif ɗin kyandir, na rufe shi da zane a inuwa. Makon jiya ƙanwata ta zo aronsa za ta Kano.