Masu yi wa yara kukis na walimar aji

Uwargida in za ki yi kukis ɗin nan da yara, don Allah bayan kin kwaɓa fulawa da bota da sikari da ƙwai ki sa kwaɓin a firij kamar minti 30 tukuna, in ba haka ba botan narkewa yake yi su baje a tire. Ki ba su murfin kofi su dinga fitar da shi, ke ki tsaya wajen oben, wuta 180, minti 10 zuwa 12 ya isa. Sai sun huce sarai sannan a yi kwalliya, aisin suga da ɗan ruwan lemon tsami, kowa ya zana nasa. Kuma ki tambayi malamarsu kafin ki sa gyaɗa, akwai yaran da ba sa jituwa da ita.