Yadda Ake Haɗa Kwaɓin Ɓawon Ƙwai Domin Na'urar Buga Abubuwa ta 3D

Yawancin ƙananan na'urorin 3D, waɗanda ke gina abu ta hanyar ɗora layi a kan layi bisa zanen kwamfuta, suna aiki ne da zaren roba mai suna PLA, wanda ake samarwa daga sitacin masara ko rake. Ana tallata shi a matsayin mai ruɓewa, amma ba ya ruɓewa da sauri a cikin ƙasa sai a masana'antar takin da zafinta ya kusa digiri 60. Shi ya sa nake ganin kwaɓin da aka yi da sharar abinci ya fi cancanta a ba shi muhimmanci. A shekarar 2023, Michael Rivera na Jami'ar Colorado Boulder a Amurka ya buga tukwanen shuka da tukar kofi, kuma ana iya bin irin wannan hanya da ɓawon ƙwai, wanda masu shayi ke zubarwa kullum, wanda fiye da kashi 90 cikin 100 nasa sinadarin alli ne.

Da farko a wanke ɓawon, a tafasa shi domin kashe ƙwayoyin cuta, a cire fatar cikinsa, sannan a shanya har ya bushe ƙayau. Daga nan a daka, a niƙa, a tankaɗe da rariya mai laushi. A nan ne ya kamata a fi haƙuri, domin tsaki guda ɗaya ya isa ya toshe bakin na'urar a tsakiyar aiki.

Sai a jiƙa ɗan garin xanthan, wanda masu haɗa kayan abinci ke amfani da shi, har ya yi yauƙi, a riƙa zuba garin ɓawon ana juyawa. Amfaninsa shi ne yana sa kwaɓin ya gudana idan an matsa shi, ya kuma tsaya cak da zarar ya fito. Idan aka matso layi biyu, ɗaya a kan ɗaya, na ƙasa bai baje ba, to kaurin ya yi.

A jikin na'urar, a cire kan da ke narka roba, a ɗaura sirinji mai bakin milimita 2 a madadinsa, a fitar da iskar da ta maƙale a ciki, sannan a buga a hankali ba tare da zafi ba.

A shanya abin da aka buga a inuwa, musamman lokacin hunturu, domin bushewar gaggawa tana tsaga shi. Zai ɗan tsuke bayan ya bushe, saboda haka a ƙara masa girma tun a zane. Ruwa yana jiƙa shi ya lalace, kuma bai dace a zuba abinci a cikinsa ba.