Yadda ake sayarwa ko ba da hayar gidan da ka saya daga ƙaramar hukuma a Ingila

Kafin ka kira dillali, ɗauko takardun cinikin ka duba ranar da gidan ya zama naka a tsarin Right to Buy, wato tsarin da ke ba ɗan hayar gidan ƙaramar hukuma damar sayensa da rangwame. Daga wannan rana ake ƙirga shekaru, ba daga ranar da ka tare a matsayin ɗan haya ba.

Idan ka sayar kafin shekara 5, sai ka mayar da rangwamen da aka yi maka: dukkansa a shekarar farko, kashi 80 cikin 100 a ta biyu, sannan 60, 40, 20. A nan 'yan uwanmu da yawa suke faɗawa rami, har da ni. Mutum ya ɗauka kuɗin da aka rage masa zai mayar, alhali da farashin gidan a lokacin sayarwa ake lissafi. A ce gidan fam 150,000 ne, aka rage maka kashi 20, wato fam 30,000. A shekara ta biyu ka samu mai saye a fam 180,000. Kashi 20 na wannan fam 36,000 ne, ka biya kashi 80 daga ciki, fam 28,800. Ni 24,000 na sa a rai, na riga na yi wa sauran kuɗin hanya. Ajiye rasit na duk gyaran da ka yi, domin ana cire darajar da gyaran ya ƙara wa gidan.

Kada ka yarda da masu cewa za su ba ka kuɗin saye, ka miƙa musu gidan daga baya. Doka na ɗaukar wannan yarjejeniya tamkar sayarwa ce.

Cikin shekara 10 na farko kuwa, dole ka fara yi wa tsohon mai gidan, wato hukumar da ta sayar maka, tayi a farashin kasuwa. In sati 8 ya wuce bai karɓa ba, sayar wa wanda ka so. A wasu yankunan karkara, sai wanda ya zauna ko ya yi aiki a yankin shekara 3.

Haya ta fi sauƙi, ni ita nake ba mutane shawara. Nemi izinin bankin da ya ba ka bashin gidan a rubuce. In ɗaki ne a bene, karanta yarjejeniyar mallakarsa ka sanar da ƙaramar hukuma, kuɗin kula da ginin yana kanka. A duba gas duk shekara, kuɗin ajiyar ɗan haya kuma ka sa shi a asusun da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30.