Yadda za a hana gyaran asibiti komawa gidan jiya

Wallahi abin da ke ci min rai shi ne a yi gyara mai kyau a tsarin aikin asibiti, wata shida kacal sai ka tarar an koma gidan jiya. Ɗauki takardar duba lafiyar tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, abubuwa 19 ne kawai, amma sai ka ga nas tana cike ta ita kaɗai bayan an gama ɗinki, alhali da baki ake so a karanta, kowa na ji, tun kafin a sa wuƙa.

To kar ku rataya gyaran a wuyan mutum ɗaya, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki shi ke nan an watse. Ku saka shi cikin aikin kullum, duk sabon ma'aikaci a koya masa tun satin farko. Duk wata ku zari fayil goma na marasa lafiya ku duba guda nawa ne aka bi gyaran a cikinsu, ku manna sakamakon a bangon ɗakin ma'aikata, ba don tozarta kowa ba. In adadin ya sauka ku tambayi masu aikin dare, su suka san inda yake cijewa.