Idan maƙwabciya ta gudo gidanki da yaranta

1. Ki shigar da su, ki kulle ƙofa. Ban da tambayar "me kika yi masa?"

2. Ki ba yaran ruwa da abinci a wani ɗaki daban. Yaron da aka doki uwarsa a gabansa yakan zaci shi ya jawo, don haka ki zaunar da shi ki ce masa ba laifinsa ba ne.

3. In akwai rauni, sai asibiti. A ɗauki hoto, a adana takardar likita saboda kotu.

4. In mijin ya biyo su da barazana, ki kira 112, lambar kiran gaggawa.

5. Da safe, in ta amince, a sanar da iyayenta ko lauyoyin FIDA, ƙungiyar mata lauyoyi masu kare haƙƙin mata da yara. Kada a matsa mata ta koma da sunan haƙuri.