Darasi Na 9: Sanyi Ne Ko Kumburi?

Karatu

A ajinmu na yamma akwai wata baiwar Allah mai tuyar masa a gefen Kasuwar Wunti. Ta ba arba'in baya. Ta fi kowa saurin gane haruffa, amma rubutu ya gagare ta. In ta ɗauki fensir sai ta dunƙule shi a tafin hannu kamar mai riƙe da muciya. Rannan Malama ta duƙa ta duba hannun. Gaɓoɓin tsakiyar yatsu sun tasa suna sheƙi, zoben azurfarta ya nutse cikin nama. Malama ta ɗora bayan hannunta a wurin, ta ji ɗumi. Ta duba ɗaya hannun, shi ma haka, kamar an auna.

"Yaya, tun yaushe hannun nan yake haka?"

"Wallahi Malama, tun bayan ƙaramar salla. Sanyi ne. Kin san aikinmu, kullum hannu na cikin ruwan shinkafa."

"Da asuba yaya kike jin sa?"

"Ke dai bari. Yatsun nan kamar itace. Buta ma ba na iya ɗagawa, sai 'yata ta zuba mini ruwan alwala. Sai 'yan makaranta sun gama wucewa sannan su saki."

"Me kike sha?"

"Haɗi nake karɓa a kemis, na ɗari biyu, ƙwaya huɗu a ƙulle. In na sha sai in ji garau. Wanzami ma ya yi mini ƙaho sau biyu."

"To Yaya, in sanyi ne, me ya kawo ɗumi?"

Ta yi shiru tana kallon hannunta.

Mene ne kumburi?

Mu Hausawa duk abin da ya taɓa ƙashi ko gaɓa sanyi muke ce masa. Gwiwar tsoho sanyi, yatsun mai jego sanyi, ƙafar yaro sanyi. Sunan ɗaya ne, amma cututtukan da ke ƙarƙashinsa sun haura ɗari, kuma maganin wani ba ya yi wa wani.

Allah ya yi wa jiki masu gadi a cikin jini, su ake kira garkuwar jiki. In ƙaya ta soke ka, nan take su yi dafifi a wurin kamar 'yan sintirin unguwa sun ji ihun ɓarawo. Jini ya ƙaru a wurin, ruwa ya taru, wurin ya yi ja, ya yi ɗumi, ya tasa, ya riƙa zogi. Wannan shi ne kumburi, kuma alheri ne, don da shi rauni ke warkewa. Wani marubucin Rum mai suna Celsus ya lissafa alamomin nan huɗu kusan shekara 2,000 da suka wuce, har yau da su likitoci ke aiki. Sai dai a irin fatarmu ja ba ya cika nunawa, wurin duhu yake ƙarawa. Don haka bayan hannu ya fi ido gane kumburi.

Duk wanda ya taɓa gyaran ragon layya ya san gaɓa. A bakin ƙashi akwai farin guringuntsi mai santsi, da ɗan ruwa mai yauƙi kamar na kuɓewa. Wani siririn tantani ne ya lulluɓe gaɓar, shi ke samar da ruwan. A cutar amosanin gaɓɓai, masu gadin nan ne ke ruɗewa. Babu ƙaya, babu ɓarawo, amma su far wa tantanin. Ya yi kauri, ya cika gaɓa da ruwa, a hankali ya fara cin guringuntsi da ƙashin kansa. 'Yan sintiri sun koma dukan masu gida ke nan. In an bar abin shekara da shekaru, yatsu su karkace, kuma gaɓar da ta riga ta cinye ba ta komawa yadda take.

Alamarsa ita ce abin da mai masa ta faɗa da bakinta. Yana kama ƙananan gaɓoɓi, hannun dama da na hagu tare. Da safe gaɓa ta sandare fiye da rabin awa, sau da yawa har awa ɗaya ko biyu, sai an motsa ta saki. Ga kasala, wani lokaci ga rama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 18 ke fama da shi, kuma a cikin kowane 100, kusan 70 mata ne.

Ciwon gwiwar da ya fi yawa a gidajenmu daban yake. Shi guringuntsi ne ke ƙarewa saboda shekaru, da ƙiba, da dakon kaya, ko tsohon targaɗe. Mai shi yakan tashi da ɗan sauƙi, sandarewar ba ta kai rabin awa, amma in ya wuni a gona ko a kasuwa sai gwiwa ta ce ba ta san zance ba. Irin wannan ciwo, a gwiwa ko a wasu gaɓoɓin, ya kama mutum miliyan 528 a duniya a 2019. Ka ga ke nan agogo ma likita ne: wancan da asuba ya fi tsanani, wannan da yamma.

Akwai kuma gawut, mai son magidanta. Mutum ya kwanta lafiya, tsakar dare babban yatsan ƙafa ya kama da wuta, ko mayafi ba ya so ya taɓa shi. Tun 1848 wani likitan Ingila, Alfred Garrod, ya gano cewa wani sinadari mai suna yurik asid ne ke yawa a jinin masu shi. Shi ke daskarewa cikin gaɓa kamar ƙananan allurai. Yawan kayan ciki, da jan nama, da giya, da lemon kwalba suna tayar da shi.

Iyaye mata, ku buɗe kunne a nan. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, aka bar shi ya wuce. Bayan mako biyu ko uku sai gwiwa ta kumbura, ta saɓe, idon sawu ya ɗauka, ciwon na yawo daga gaɓa zuwa gaɓa. Gaɓoɓin za su warke, amma kumburin na iya lalata ƙofofin zuciya har abada. Wannan yaro asibiti za a kai shi, ba wurin mai ɗori ba. Haka gaɓa ɗaya tak da ta kumbura farat ɗaya tare da zazzaɓi mai zafi, ga yaro ko babba: ƙwayar cuta ce mai yiwuwa ta shiga, kuma ba a kwana da ita a gida. Ciwon ƙashin masu sikila kuwa hanyarsa daban, ya wuce darasin yau.

Abin da masu bincike suka gano

A watan Satumba na 1948, a asibitin Mayo da ke Amurka, wani likita mai suna Philip Hench da abokan aikinsa suka yi wa wata mata 'yar shekara 29 allurar sabon magani, kotizon. Amosanin gaɓɓai ya kwantar da ita, ko juyi a gado da ƙyar. Cikin 'yan kwanaki ta miƙe, har ta shiga gari sayayya. Duniya ta ɗauka an gama da cutar. A 1950 aka ba Hench da wasu masana biyu lambar yabo ta Nobel.

Murna ta koma ciki. Da an daina maganin ciwo ya dawo, in kuma an daɗe ana sha sai fuska ta cika ta yi kamar faifai, jini ya hau, sukari ya hau, ƙashi ya yi laushi, garkuwar jiki ta faɗi. 'Yan'uwan kotizon su ne Prednisolone da Dexamethasone, kuma sau da yawa ɗayansu na cikin ƙullin haɗin nan na kemis. Shi ya sa mai masa take jin garau. A hannun likita magani ne mai daraja, yakan ba da kaɗan na ɗan lokaci. A ƙullin da ba suna ba adadi kuwa, bashi ne jiki ke ci. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, hakan ma haɗari ne. Likita ne zai riƙa rage masa sannu a hankali.

A 1971 wani masani a Landan, John Vane, ya gano yadda asfirin ke aiki: yana hana jiki sarrafa wasu sinadarai masu kawo zogi da kumburi. Haka Ibuprofen da Diclofenac da Piroxicam suke yi. Matsalar ita ce waɗannan sinadaran su ne kuma ke kare bangon ciki, suna taimakon ƙoda. Ka ga dalilin da masu shan su kullum ke ƙarewa da olsa, ko baƙin bayan gida, ko ciwon ƙoda. Suna kwantar da zogi, amma ba sa hana gaɓa cinyewa.

Sai a shekarun 1980 wasu masana biyu a Landan, Marc Feldmann da Ravinder Maini, suka bi diddigin saƙonnin da masu gadin jiki ke aika wa juna. Suka gano akwai wani sinadari, TNF, da ke zaman mai shela: shi ke kiran sauran su taru a gaɓa. A 1992 suka gwada allurar da ke toshe bakinsa a kan marasa lafiya 20, kumburi ya sauka. Daga nan aka samu jerin sababbin allurai. Gaskiya tsadarsu ta fi ƙarfin mai tuyar masa, kuma dole a gwada mutum ko yana ɗauke da tarin fuka kafin a fara, don suna iya tayar da shi.

Ni a ganina, abin da binciken ya bar wa talaka ya fi allurar amfani. An tabbatar cewa ɓarnar tana farawa tun a watannin farko, kuma wanda aka fara yi wa magani da wuri gaɓoɓinsa sun fi tsira. Magungunan da ake farawa da su ma ƙwayoyi ne tsofaffi masu dama-dama a kuɗi. Babbansu Methotrexate. Akwai Hydroxychloroquine, ɗan'uwan kulorokwin ɗin da muka sani na zazzaɓin cizon sauro, wanda mai shan sa ke buƙatar gwajin ido lokaci-lokaci. Waɗannan ba sa aiki yau-yau. Sai an yi mako 6 zuwa 12 ake ganin canji, kuma a nan mutane ke karaya su koma wa ƙullin kemis.

A fara da asibiti mafi kusa. In an ga alamun, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a nan Bauchi, ko babban asibitin tarayya na Azare, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Za a ɗebi jini a auna ƙarfin kumburi, gwajin da za ka ga an rubuta ESR ko CRP a takarda, a kuma ɗauki hoton ƙashi. A tafi da duk abin da ake sha, har ƙullin kemis da jiƙon gargajiya, kada a ji kunya. A gida kuma, tsoma hannu a ruwan ɗumi da asuba na sassauta gaɓa, motsa ta kullum ya fi ajiye ta, kuma mai shan taba ya bari, don taba na ƙara wa cutar ƙarfi. Wanda gwiwa ta hana shi sujada ya tambayi malaminsa hukuncin salla a zaune.

Mu karanta takardar magani

Mai koyarwa ya rubuta wannan a allo da manyan baƙaƙe, kowa ya karanta shi kaɗai:

A SHA SAU ƊAYA A MAKO. RANAR LITININ KAWAI.

Sannan ya rubuta a ƙasa:

A SHA SAU ƊAYA A RANA.

Kalma nawa ta bambanta? Ku ja layi a ƙarƙashin MAKO da RANA. Kada a wuce wurin nan sai kowa ya iya raba su, ko da zai ci sauran lokacin aji. Methotrexate sau ɗaya a mako ake shan sa. Wanda ya sha shi kullum bisa kuskure na iya rasa ransa. Mai ciki ba ta sha, mai shayarwa ba ta sha, mai neman haihuwa ta gaya wa likita tun kafin a rubuta. Ana haɗa shi da folik asid, ana kuma gwajin jini a kai a kai don duba hanta. In da Turanci aka rubuta takardarka, ka roƙi mai ba da magani ya rubuta maka ranar da Hausa a jikin kwalin.

Kalmomin rubutu na yau suna da ƙugiya. A kwafe kowace sau uku: gaɓa, ƙashi, ɗumi, ƙwaya, maƙogwaro. A lura, gaba daban, gaɓa daban. Kashi daban, ƙashi daban. Wannan na biyun yakan ba aji dariya, a bar su su dara.

Lissafi

Mai masa na sayen haɗi na naira 200 kullum. Nawa take kashewa a kwana 30? Nawa ke nan a wata 12?

Ta farka ƙarfe 5:15, yatsunta suka saki ƙarfe 7:45. Awa nawa da minti nawa suka yi a sandare? Wannan ya fi kama da wane ciwo cikin waɗanda muka karanta?

Aikin gida

Kowa ya nemi mutum ɗaya mai ciwon gaɓa a gidansu ko maƙwabta, ko shi kansa. A raba shafi gida huɗu: rana, lokacin farkawa, lokacin da gaɓa ta saki, gaɓar da ta kumbura. A cika shi kwana bakwai a jere. Wanda rubutun sunan gaɓa ya ba shi wuya ya ɗora tafin hannunsa a takarda, ya zagaye shi da fensir, ya ɗiga alama a duk inda ke ciwo. A zo da takardar aji ranar Asabar mu duba rubutun tare, daga nan mai ita ya ninke ta ya tafi da ita wurin likita.