Yadda Ma'aikaci Zai Ƙiyasta Fanshonsa na CNPS Tun Kafin Ritaya

Ma'aikata da yawa a Garwa da Marwa suna ɗauka kuɗin da ake cire musu na CNPS, wato hukumar fansho da inshorar ma'aikata ta Kamaru, yana taruwa ne yana haihuwa kamar ajiyar banki. Ba haka tsarin yake ba. Ana cire kashi 4.2 cikin ɗari na albashinka, wanda ya ɗauke ka aiki ya ƙara 4.2, amma abin da za ka karɓa a shekara 60 ya dogara ne kan watannin da aka biya maka da kuma albashinka na ƙarshe.

Fara da ƙirga watanni. Wata 180 yana ba ka kashi 30 na matsakaicin albashinka, kowane wata 12 da ya ƙaru kuma kashi 1. Matsakaicin ana ɗaukarsa daga shekara 3 ko 5 na ƙarshe, wanda ya fi tsoka. Mai shekara 25 a bakin aiki da matsakaicin sefa 200,000 yana da kashi 40, wato 80,000 a wata. Albashin da ya haura 750,000 ba a lissafa rarar.

Inda lissafin ke rushewa shi ne wajen wanda ya ɗauke ka aiki: ya cire kuɗin a takardar albashi, bai kai asusun ba, ko ya bayyana albashi ƙasa da na gaskiya. Don Allah ka je ofishin CNPS duk shekara ka karɓi takardar biyan da aka yi da lambarka, ka gwada ta da takardun albashinka wata-wata.

Sai tsadar kaya. Raba 72 da yawan hauhawar farashi, ka ga shekarun da darajar kuɗi za ta ragu da rabi: in kashi 3 ne a shekara, bayan shekara 24 wannan 80,000 ɗin gero da man gyaɗan 40,000 na yau zai saya.